Zanen da Muka Yi da 'Yar Sakkwato

A shekarar da yaƙi ya tashi a Hartum ina aji na uku a kwalejin zane-zane da ke Madani, sashen tufafi da saƙa. Ba a daɗe ba aka rufe kwalejin, domin mutanen da suka gudo sun cika ɗakunan kwananmu, har da azuzuwa. Na tattara kayana na koma ƙauyenmu kusa da garin Hajj Abdalla, da tsohuwar kwamfuta wadda ba ta riƙe wuta da waya mai tsagaggen gilashi. Gidanmu ma ya cika. 'Yan'uwan mahaifiyata sun zo daga Hartum da yaransu, aka shimfiɗa katifu har ƙarƙashin rakuba, rumfar da muke shan inuwa a tsakar gida. Ni kuwa aka mayar da ni ɗakin kakata, uwar mahaifina.

Ustazarmu mace ce mai naci. Ta ce ko an rufe gini ba a rufe karatu ba. Tun kafin yaƙi ta ƙulla wani shiri da wata malama a wata jami'a ta arewacin Najeriya, na haɗa ɗalibai biyu-biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, su yi aiki guda ta intanet. Aikin shi ne mu fitar da zanen yadi wanda macen Sudan za ta iya naɗawa a matsayin tob, dogon mayafin da matanmu ke naɗe jiki da shi, macen Najeriya kuma ta ɗinka ko ta yafa. Aka ce da Turanci za a yi komai, tunda shi ne ake ganin ya haɗa mu. Ustaza ba ta san ni Bahaushiya ce ba. Ba ɓoyewa na yi ba, ba a dai taɓa tambayata ba, kuma a Madani kowa Larabci yake yi.

Aka haɗa ni da wata yarinya mai tabarau, mai saurin magana. A gidanmu shabaka, wato layin waya, ba ta kamawa sosai, sai na fita bakin tur'a, babban magudanar da ke kai ruwa gonaki, in zauna gindin wata dalbejiya in ɗaga waya sama. Bayan la'asar muke haɗuwa. Turancina na karatu ne, ba na hira ba, nata kuma yana gudu kamar ana korarsa. Rabin abin da take faɗa nake ji, sauran rabin in gyaɗa kai.

Ba mu shirya ba da farko. Ta turo mini zanenta, manyan furanni kowanne ya kai tafin hannu biyu, ruwan goro da kore da shuɗi duk a wuri guda. Na tura mata nawa, siraran layuka masu launin toka a kan fari. Ta ce nawa ya yi kama da labulen asibiti. Na ce nata in aka naɗa shi a jiki furannin za su karye, ba a ga komai sai hayaniya, domin tob ba a yanka shi, naɗa shi ake yi, kuma adonsa a baki yake zama da kuma gefen da ake jefawa kan kafaɗa. Ba na jin ta fahimce ni, don ni ma da ƙyar na harhaɗa maganar. Na dawo gida ranar ina cewa a raina ina ma da wata aka haɗa ni.

Sai damina ta sauka. Ƙasarmu baƙa ce, in ta sha ruwa sai ta kama takalmi ta ƙi saki. Wata rana hanyar tur'a ta gagara, na tsaya a ɗakin Kaka na jingina wayar a taga, inda wani lokaci ake samun ɗan layi guda. Kaka tana zaune kan angarib ɗinta, gadon igiya, tana saƙa faifai kamar kullum, da kaba a jiƙe cikin kwano a gefenta. Muna tsakiyar fama da Turanci sai akuya ta kutso kai ta nufi kabar. Kaka ta daka tsawa.

"Kai! Wa ya bar ƙofa buɗe? Akuyar ga za ta cinye mini kaba, ke kina nan tsaye kina magana da gilashi!"

Na kori akuyar na dawo. Fuskar yarinyar ta tsaya cak a wayar, har na zaci shabaka ce ta ɗauke. Sai na ga ta cire tabarau. Ta ce, da Hausa, "Wace ce ta yi magana yanzu?"

Na ce, "Kakata ce."

"Ke Bahaushiya ce?"

"E."

"Innalillahi! Kika bar ni ina ta karya harshe duk makonnin nan?"

Muka yi dariya har na zauna a ƙasa. Kaka ta ce mene ne, na ce mata yarinyar nan ta cikin waya tana jin Hausa. Ta miƙo hannu. Ta kawo wayar daf da idonta, don ganinta ya yi rauni, ta ce, "Ɗiyar wa ce ke? Wane gari?"

"Ina wuni, Kaka. Daga Sakkwato nake."

Kaka ta ajiye faifan a kan cinyarta. Sannan ta ce, "Sakkwato dai da nika ji? Ashe tana nan."

Kakata a nan aka haife ta, kuma ba ta taɓa tafiya yamma ba ko da ta kwana guda. Mahaifinta ne aka taho da shi yana yaro, lokacin da Nasara suka ci ƙasar, jama'a suka bi shugabanninsu suka nufo gabas da niyyar Makka. Shekaru suka yi a hanya, a ƙafa. Uwarsa a hanya ta rasu. Ba su kai Makka ba, suka zauna bakin kogin Nilu, shi kuma ya girma ya samu hawasha, gonar da gwamnati ke rabawa, ya noma auduga har ya mutu. Kaka ta ce bai cika magana ba, amma in ya yi, maganar garinsu yake yi: wata rijiya mai bakin dutse, wata babbar tsamiya kusa da ita, da ƙasa ja wadda ba ta kama ƙafa. Mu jikoki mun sha jin wannan har mun daina saurare. Yaran da suka zo daga Hartum ma ba sa jin Hausar, habboba suke ce mata, wato kaka, ita kuma ta amsa musu da Larabcinta mai kaushi.

Daga ranar aikin ya canza. Ƙawata, don yanzu ƙawata ce, ta ce ba za a fara komai ba sai ta gaida Kaka. Sai su ɗauki lokaci suna hira ni ina riƙe da waya hannuna na sagewa. Ta ce Kaka tana magana irin ta tata kakar da ta rasu, da kalmomin da matasan birni suka daina faɗa. Ni kuwa Hausata dariya take ba ta. In na ce kahraba ta ɗauke, sai ta ce, "Wuta dai, 'yar Sudan, wuta." In na ce shabaka ta ce sabis. Da yawa daga cikin Hausar da nake rubutu da ita yanzu a bakinta na gyara ta.

Ita ce ta fara lura da faifan. Ta ce in kawo shi kusa. Kaka tana rina kaba ja da baƙi, tana saƙa wani ado mai hawa da sauka yana zagaye faifan, yana ƙara faɗi in ya doshi baki. Ƙawata ta tashi da gudu ta ɗauko na mahaifiyarta daga madafa. Ba iri ɗaya ba ne, nasu ya fi ƙanana da yawan launi, amma hawa da saukar nan tana nan. Muka tsaya muna kallon fayafai biyu, ɗaya a hannuna ɗaya a cikin gilashi. Ta ce, "Mu bar furannina, mu bar labulenki. Ga aikinmu nan."

Haka muka raba aikin. Ni nake zanawa da hannu a takarda, in ɗauki hoto in tura. Ita ta shigar da shi kwamfuta ta gyara layukan, ta maimaita adon ta ga yadda zai zauna a dogon yadi, ta dawo mini da shi. Wani lokaci hoto guda sai ya wuni bai tafi ba. Wani lokaci ni ina da wuta ita ba ta da ita. Na koya mata naɗa tob da zanen gado, ta naɗe kanta har hannunta ɗaya ya ɓace ta kasa fitowa, Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ita kuma ta nuna mini yadda tela yake yanka atamfa, yadda dole adon ya haɗu a ɗinki, abin da ban taɓa tunani a kai ba tunda mu ba ma yanka tob.

Mun ci gaba da musu, amma yanzu musun yana da daɗi. Na ce ƙasan yadin fari zai zama. Ta ce fari ba ado ba ne, sai ka ce ba a gama aiki ba. Na ce a wurinmu farin tob shi ne na malaman makaranta da ma'aikatan ofis, shi ne kuma na mai takaba. Ta ce, "To yaya ake gane wadda za ta ofis da wadda mijinta ya mutu?" Na ce na mai takaba yadi ne mai kauri, ba guga ba turare, kuma dai ana ganewa a fuska. Ta ce za ta yi tunani.

Lokaci-lokaci akan tara mu duka, ɗaliban nan da na can da malaman biyu, kowane rukuni ya nuna inda ya kai. A nan Ustaza ta ji labarinmu. Ta yi dariya ta ce da Larabci wai ta aike ni in haɗu da baƙuwa na je na samo 'yar baffana. Malamar can ta ɗan damu, ta ce manufar shirin ita ce a haɗa al'adu biyu, in mu ɗaya ne me za mu koya daga juna? Ƙawata ta ce, "Malama, wannan da kike gani ba ta san ƙosai da kunu da safe ba, shayi take sha da madara. Ba ta taɓa ɗaura ɗankwali irin namu ba. Harshen ne kawai, shi ma rabinsa Larabci ne." Aka bar mu muka ci gaba.

Bayan damina ta ɗauke, dawa ta fara nuna, wata rana Kaka ta riƙe wayar ta ƙi ba ni. Ta ce, "Ɗiyata, ina da roƙo. Ki tafi mini garin babana ki gano mini shi."

Ta faɗi sunan garin, da sunan mahaifinta, da na kakanta. Ƙawata ta sa ta maimaita. Na yi ƙoƙarin cewa Kaka, yarinyar nan tana da karatu, amma ƙawata ta katse ni ta ce za ta tambaya. Ta tambaya kuwa. Wani kawunta direba ya san wani ƙauye mai wannan suna, da nisa daga birni amma ana zuwa a dawo a yini. Ta shawo kan yayanta ya raka ta, suka sa rana.

Ranar Baba bai je hawasha ba. Ya ɗaura wa jaki amalanke, ya shimfiɗa katifa a kai, muka ɗora Kaka muka kai ta bakin tur'a inda shabaka ta fi ƙarfi. Ta sa tob ɗinta na Idi. Umma ta biyo mu, da gwaggona, da wasu tsofaffi biyu na maƙwabta da suka ji labari. Muka zauna gindin dalbejiya muna jira har rana ta take.

Da wayar ta yi ƙara na ɗauka. Hoton yana tsalle, yana tsayawa, yana dawowa. Muka ga gidajen kwano, babura, wani shago da ake cajin waya, yara sun yi cincirindo suna leƙen gilashi. Ƙawata ta ce mai gari ya karɓe su da kyau, ya tara mata dattawa a ƙofar gidansa. Ta juya wayar muka gan su zaune kan tabarma, da huluna da carbi, fuskokinsu kamar na dattawan masallacinmu. Baba ya yi musu sallama. Suka amsa. Sannan ƙawata ta faɗi sunayen, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Dattawan suka dubi juna. Ɗaya ya maimaita sunan ya girgiza kai. Wanda ya fi su tsufa ya ce shi dai ya ji a bakin manya cewa a zamanin nan wasu sun yi gabas ba su dawo ba, amma daga wane gida, wallahi bai sani ba. Aka tambayi rijiya mai bakin dutse. Suka ce rijiyoyin da duk an cike su tun da aka haƙa famfo. Tsamiya fa? Wani ya ce akwai tsamiyoyi da, an sare. Wani kuma ya ce ai akwai wani gari mai irin sunan nan can wajen iyaka, ko shi ne.

Ƙawata ta juyo da wayar kan fuskarta. Idanunta sun cika. Ta ce, "Kaka, ki yi haƙuri. Ban samo miki kowa ba."

Kaka ta ce, "Sauke wayar ƙasa in gani."

Ƙawata ba ta gane ba. Na ce mata ƙasa take nufi, ƙasar da take takawa. Ta sunkuyar da wayar. Muka ga yatsun ƙafarta cikin silifa, da ƙasa ja, busasshiya, mai ɗan tsakuwa. Kaka ta kawo gilashin har yana taɓa hancinta. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ja ce. Bai yi mini ƙarya ba."

Sannan ta ce a gaya wa dattawan ta gode, kuma tana roƙon su yi wa waɗanda sunka tafi addu'a, ko ba su san su ba. Muka ga sun ɗaga hannuwa. Mu ma muka ɗaga. Ana tsakiyar Fatiha shabaka ta ɗauke, hoton ya tsaya da hannuwansu a sama. Baba ya ƙarasa mana, muka shafa.

Muka hau hanya da amalanke muka koma gida. Kaka ba ta ci abincin rana ba. Da yamma ina gyara mata shimfiɗa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Duk rayuwata ina zaton can akwai wanda ya san mun tafi." Na ci gaba da gyaran shimfiɗar.

Bayan 'yan kwanaki ƙawata ta turo zanen da launi. Ja irin na ƙasar da ta taka, baƙi irin na tamu, a kan fari. Ba mu yi musu ba. Saura mu daidaita faɗin bakin yadin mu rubuta bayanin da za mu gabatar.

Ba mu kai ga haka ba. Da sanyi ya shigo, an yanke dawa tana tare a gona ba a sussuka ba, yaƙi ya iso Madani. Muka wayi gari hanya cike da mutane, a mota, a amalanke, a ƙafa, wasu da katifa a ka. 'Yan'uwanmu na Hartum da suka riga suka san abin suka fara ɗaure kaya tun kafin Baba ya ce komai. Sai labari ya fara zuwa daga ƙauyukan kusa, masu bindiga suna shiga suna kwashe motoci da hatsi da duk abin da suka gani. Baba ya ce mu tashi.

Kaka ta ce ba inda za ta. Ta ce, "Tafiyar da babana ya yi ta ishe mu duka. Ku tafi, ku bar mini ruwa a randa."

Baba ya durƙusa gaban angarib ɗin, mutum mai furfura, ya ce, "Inna, in kin zauna na zauna, in na zauna yaran nan sun zauna. Ki duba su." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a miƙo mata takalminta.

A bayan wata babbar mota muka fita, mu da wasu gidaje. Takardun zanena duk a ɗaki na bar su. Kwamfutar a hanya aka karɓe ta, a wani shinge, wayar ce ta tsira don Umma ta ɓoye ta a jikinta. Muka bi ta Sinnar muka yi kudu, har Rusairis, inda wani ɗan'uwan Baba yake da gida kusa da kogi. A hanya na samu na tura wa ƙawata kalma kaɗan, na ce mun fita, muna lafiya, Kaka tana gaishe ki. Ta amsa nan take da tambayoyi da yawa. Muka ɗan yi ta musayar saƙo na wani lokaci, gajeru, don caji ya zama abin nema. Sannan wata rana shabaka ta ɗauke a ko'ina, ta daɗe ba ta dawo ba.

Ɗaki guda aka ba mu, mata da yara a ciki, maza a waje. Mutanen gidan sun yi iya ƙoƙarinsu. Kaka ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, amma ta daina saƙa. Na samo mata kaba a kasuwa, ta taɓa ta ce ta yi tauri, ta ajiye. Maganin hawan jininta ya ƙare, muka zagaye garin ba a samu irinsa ba. Takan tambaye ni, "Ɗiyar Sakkwato ta kira?" In ce Kaka, ba shabaka. Ta ce, "To, tana can tana damuwa."

Ta rasu da hantsi, kafin azumi, Umma tana haɗa mata shayi. Ba ta yi doguwar jinya ba. Hausawan Rusairis suka zo da yawa, mutanen da ba mu taɓa gani ba, wata tsohuwa daga cikinsu ce ta taya Umma da gwaggo wanka. Aka binne ta a maƙabartar garin, nesa da mijinta da mahaifinta.

Bayan salla wasu 'yan kasuwa suka kawo wata na'ura mai kama intanet daga sama, suka kafa a wata rumfa a kasuwa. Na je na samu wuri a kan benci tsakanin mutane, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Da wayata ta kama sai ta fara rawa a hannuna ta ƙi tsayawa. Saƙonnin ƙawata ne suke shigowa, na duk watannin nan. Rubutattun nawa ne. Na murya kuwa na Kaka ne.

Na kara a kunne. "Kaka, ina kwana? An tashi lafiya? Ni ce. Ban san ko za ki ji ba, na dai ce in gaishe ki." Na gaba, "Kaka, yau Mama ta yi tuwon dawa miyar kuka, na ce ina ma kina kusa." Na gaba, "Kaka, an ga wata, gobe azumi. Kar ki ce za ki yi, an ɗauke miki." Na gaba, "Kaka, an sha ruwa lafiya?" Haka har barka da salla. Na ja tob na rufe fuskata. Matar da ke kusa da ni ta ɗora hannu a bayana, ba ta tambaye ni komai ba. A rumfar nan ba a tambaya, kusan kowa kuka yake yi da wayarsa.

Na kira ta. Ta ɗauka da ihu, tana kiran mamarta ta zo ta ji, 'yar Sudan tana raye. Sannan ta ce, "Ina Kaka? Ba ni Kaka."

Na ce, "Kaka ta rasu."

Na ji numfashinta.

"Yaushe?"

"Kafin azumi."

Ta ce, "Ashe duk gaisuwar nan…" Ba ta ƙarasa ba. Muka yi kuka, ita a ɗakinta ni a kasuwa.

Da muka natsu ta ba ni labarin aikin. Ita kaɗai ta gabatar da shi. Daga ɓangarenmu ba wanda ya samu shiga ranar, har Ustaza, wadda daga baya na ji ta fita ƙasar. Malamarsu ta sa aka buga yadin a wani wurin rini, tsawon tob guda. Ta ce in jira. Ta ajiye wayar, ta dawo ta ware shi a gabana, tana ja da baya don in gan shi duka. Karo na farko ke nan da na ga layukan da na zana da hannuna a kan yadi, suna motsi in ta motsa. Na daɗe ina kallo.

Na ce, "Bakin ya yi faɗi."

Ta ce, "Na sani. Tun ranar da aka buga na ce wallahi sai ta faɗa."

Muka yi dariya da hawaye a fuska.

Yadin yana wurinta har yanzu, ba hanyar aiko shi. Ita ta gama karatu, ta buɗe ɗan shagon ɗinki. Ni ban koma kwaleji ba. Ina rubuta wa masu shaguna alluna a kasuwar Rusairis, ina taya wata mata ɗinki. Muna gaisawa, amma ba kamar da ba, ita aiki ya yi mata yawa, ni kuma ba kullum nake da labarin da zan bayar ba.

A makon da na gaya mata rasuwar, mahaifiyarta ta soya waina ta raba wa maƙwabta sadaka, don tsohuwar da ba ta taɓa gani ba sai a waya. Ta ce a haɗa ta da ni ta yi mini ta'aziyya. Mace ce mai sanyin murya. Ta yi addu'a mai tsawo, ta tambayi Baba da Umma da yara. Sannan ta ce, "To ɗiyata, wahalar nan ta isa haka. Yaushe za ku dawo gida?"

Na ce, "Mama, Baba ya ce sai hanya ta yi kyau, kuma an ce gonakin ba ruwa yanzu. Wataƙila bayan damina ya je ya dubo."

Ta ce, "Allah ya sa." Sai da na ajiye wayar, ina tafiya gida ta bakin kogi, na gane ba ƙauyenmu take nufi ba, Sakkwato take nufi. Na tsaya na yi tunanin in koma in sake kiranta, amma rumfar ta riga ta cika, wani ya zauna a wurina, kuma Umma tana jirana da albasar da ta aike ni.